Amsa ga Alhajin da ya ce Rasha nake son kawowa Sakkwato

Assalamu alaikum, Alhaji.

Na ji tambayar da ka jefo mini a gidan rediyo, cewa tunda ina kiran ma'aikata su karɓi mulki da hannunsu, in fito in faɗa wa Sakkwatawa ko aƙidar marasa addini ta Rasha nake son dasawa a garin Shehu, kuma jinin wa na shirya zubarwa. Girmanka ne ya sa nake amsawa a rubuce, domin maganar ta yi mini ciwo.

Ka taɓa addinina a bainar jama'a, alhali ka san gidan da na fito da malaman da na durƙusa gabansu. Ƙyamar zaluncin masu mulki ba daga Lenin, jagoran 'yan gurguzun Rasha, muka koye ta ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa jangali da gaisuwar da ake kai wa sarakuna cikin zaluncin sarakunan zamaninsa a Kitabul Farƙi, fiye da shekara ɗari kafin juyin juya halin Rasha na 1917. Malam Aminu Kano kuwa malami ne mai tafsiri, kuma irin wannan jifa da kake yi mini ita aka yi wa mutanen jam'iyyarsa ta NEPU tun daga 1950.

Batun jini gajere ne: ban kira soja ba, ban kira makami ba, ba na kuma kare kisan da Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyat, ya yi.

Abin da nake faɗa shi ne yajin aiki kaɗai ba ya fitar da talaka. A Janairun 2012 ma'aikata sun tsayar da ƙasar nan cik, aka sauko da litar fetur daga naira 141 zuwa 97, kowa ya koma bakin aikinsa, mulki yana nan inda yake, har aka cire tallafin man fetur gaba ɗaya a 2023. Amma da PRP, jam'iyyar Malam Aminu Kano, ta ci Kano da Kaduna a 1979, haraji da jangali suka faɗi, saboda alƙalamin ya shiga hannun masu kishin talaka. Shi ya sa nake so malamin firamare da lebura mai dakon albasa da manomin fadama su gina jam'iyyarsu, su tsayar da nasu, su tsare ƙuri'arsu.

Kai ma ka jagoranci ƙungiyar ƙwadago kafin a ba ka kujera, kuma tun daga lokacin ba mu ƙara jin muryarka kan albashi ba. Malamin da ke maƙwabtaka da ni yana karɓar tiyar gero bashi kafin goma ga wata, mai shago yana rubuta sunansa a bayan kwali. Naira 70,000 ta mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 ba ta kai shi ko'ina. Idan ka koma rediyo, ka faɗa masa hanyar da kake da ita wadda ta fi tawa.

Wassalam,
Ƙaninka a gwagwarmaya, daga Sakkwato.