Rahoton Ayyukan Shekara: Aikin Bin Diddigin Cimar Yara da Matasa a Zariya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

A madadin shugaba da kwamitin zartarwa, ina gabatar wa membobi rahoton abin da ƙungiyarmu ta gudanar a shekarar da ta ƙare. Kamar yadda babban taro ya amince, aiki ɗaya muka sa gaba, wato gano ainihin abin da yara da matasa suke ci a unguwannin birnin Zariya da Tudun Wada da Sabon Gari.

Membobi za su tuna dalilin wannan zaɓi. Binciken lafiya na ƙasa da Hukumar Ƙidaya ta gudanar a 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa adadin ya kai kashi 57. To amma awon tsayi da nauyi ba ya faɗin abin da aka zuba a kwano, kuma irin wannan bincike ya fi karkata ga ƙananan yara da mata 'yan shekara 15 zuwa 49, sai ɗan firamare da saurayi ɗan sakandare suka faɗa tsakani.

Mun fara da horar da masu tambaya, mafi yawansu malaman makaranta da ma'aikatan lafiya daga cikinmu, a kan tambayar awa 24, inda ake bin duk abin da yaro ya ci ko ya sha daga wayewar garin jiya zuwa ta yau. Ga yara 'yan wata 6 zuwa 23 mun bi ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar a 2021, wanda ya kasa abinci rukuni 8, ya kuma nemi yaro ya samu aƙalla 5 a rana. Sanya cimarmu cikin rukunan nan ya ci mana lokaci. Awara da ƙosai da ƙuli-ƙuli sun shiga rukunin wake da gyaɗa, fura da nono ta rabu gida biyu, faten tsaki kuwa sai an tambayi wane ganye aka sa masa. An yi doguwar muhawara a kan daddawa kafin a yarda cewa kayan ɗanɗano ce, tun da ɗan abin da ake jefawa a tukunya bai isa a ce yaro ya ci wake ba.

Babbar matsalar da muka ci karo da ita ita ce kwano ɗaya. Takardar tambayar ta ɗauka kowane yaro da nasa faranti, alhali a wani gida a Tudun Wada mun tarar da yara huɗu sun kewaye tuwon masara da miyar kuka, babban yana yanko loma biyu kafin autan ya gama hura ta farko. Da aka tambayi uwar ko malmala nawa autan ya ci, sai ta yi dariya, ta nuna cewa abin da ta kwashe ta sani, ba abin da kowa ya kai baki ba. Mun gwada shiga gidaje da ludayi da kofi da malmala iri uku da muka mulmula da yumɓu don a riƙa nunawa, kuma hakan ya taimaka wajen koko da kunu. A kan tuwo kuwa kwamiti ya yanke shawarar a rubuta nau'in abinci kawai, domin ƙiyasin da ba shi da tushe ya fi rashinsa illa.

Matasa sun zo da tasu. Iyaye ba su san inda kuɗin tara yake tafiya ba, su kuma yaran ba sa kiran ɗanwake ko rake ko zoɓon ƙofar makaranta abinci, har yaro ya ce bai ci komai ba alhali man awara bai bushe a yatsunsa ba. Saboda haka muka daina tambayar ko an ci abinci, muka koma bin yini daki-daki, daga bayan asuba zuwa lokacin tara, sannan azahar, da hanyar Islamiyya, har bayan isha'i. A ganina wannan gyara shi ne mafi amfani a duk shekarar, domin da shi ne alawa da lemon kwalba da taliyar leda suka fara bayyana a takardunmu.

Akwai kuma kunya. Uwa ba za ta ce sati ya wuce ba a sa nama ba idan suruka ko kishiya tana zaune, don haka mata ne suke tambayar mata, a keɓe, bayan an nemi izinin mai unguwa da maigida. Mun dakatar da aiki a watan azumi da ranakun biki, kuma mun koma gidajen sau biyu, da tsakiyar damina lokacin da rumbu ya yi ƙasa, da kuma kaka. Duk yaro ɗan wata 6 zuwa 59 da awon kaurin damtsensa ya gaza santimita 11.5, wato alamar tamowa mai tsanani, mun haɗa iyayensa da asibiti mafi kusa.

Inda muka gaza shi ne almajirai. Tsarinmu na bin gida-gida ne, su kuwa ba a lissafa su cikin iyalin kowa, ga shi abin da ke kwanonsu ya fito daga tukwane daban-daban. Kwamiti ya ba da shawarar a fara da ziyartar alarammomi a shekara mai zuwa, kuma ana roƙon membobin da suke da kusanci da makarantun allo su ba da sunayensu ga sakatare kafin babban taro, inda ma'aji zai gabatar da bayanin kuɗi tare da sunayen waɗanda ake bi bashin kuɗin wata.

Sakataren ƙungiya