Godiya ga 'yan sa-kai na gidan karnuka na Battersea

Zuwa ga ma'aikata da 'yan sa-kai na gidan Battersea, Landan. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri.

Wanda ya san gidajen ajiye karnuka marasa galihu ya san inda ciniki ke lalacewa: a bakin keji. Mai neman kare yana wucewa, kare ya daka tsalle ya dafe waya da ƙafafun gaba yana haushi, sai mutum ya yi gaba. Sau da yawa ba mugunta ba ce, ƙunci ne na wanda ya wuni a kulle yana ganin mutane bai isa gare su ba. A wasu wuraren da ba za mu kama suna ba, maganinsu tsawa ne da finciko sarƙar wuya, kare ya ƙara firgita, ya shafe watanni babu mai ɗaukarsa.

Shi ya sa abin da muka gani a wurinku ya ba mu mamaki. Gidan da Mary Tealby ta kafa tun 1860 bai tsaya a tsohon yayi ba. Allurar rigakafi, fiɗiya, da 'yar na'urar shaida ta ƙarƙashin fata da doka ta wajabta a Ingila tun 2016, duk kuna yi, amma wannan kowa na yi. Horon ne ya bambanta ku.

Musamman muna jinjina wa wata baiwar Allah, dattijuwa, da ke aikin sa-kai. Idan kare ya yi tsalle ba ta ce masa uffan, juya baya take yi. Ƙafafunsa huɗu na taɓa ƙasa sai ta miƙa masa ɗan nama kamar ƙwayar wake, cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. In aka wuce haka, kare ba zai gane dalilin da ya sa aka ba shi ladan ba. Bayan minti biyar sai ta tsai da horon, don dogon darasi gundurar kare yake yi. Wajen tafiya kuwa, igiya na miƙewa sai ta ja birki, ba ta ɗaga ƙafa sai igiyar ta yi sako-sako. Takunkumi ma ba ta ƙaƙaba shi da ƙarfi: abinci take shafawa a ciki har kare ya riƙa cusa bakinsa da kansa, sai bayan kwanaki a ɗaure maɗaurin.

Abin da ya fi burge mu shi ne ba ta hukunta gurnani. Gurnani gargaɗi ne. Ka daki kare a kai, ka koya masa cizo ba sallama. Karen da ke kishin kwanonsa, daga nesa take jefa masa abin da ya fi na kwanon daɗi, har ya fahimci zuwan mutum ƙari ne.

Kuma aikin ba ya yiwuwa sai baki ya zo ɗaya. Mutum guda ya shafa kan kare yana tsalle, ya rushe wahalar mako guda. An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma ga karnuka masu shekara bakwai suna koyon zama.

Dole mutum ya tuna gida Najeriya. Har yanzu akwai masu ɗaure karen gadi a rana da yunwa wai don ya yi zafi, alhali tsoro suke dasa masa, kuma matsoracin kare shi ke cizon yaran gida. Rigakafin ciwon haukan kare ana haɗa shi a cibiyar binciken dabbobi ta Vom da ke jihar Filato, ana fara yi wa kwikwiyo yana wata uku a maimaita duk shekara, amma masu kai karnukansu a yi musu allurar nawa ne?

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara wa dattijuwar nan lafiya.

Naku,
Wasu Hausawa mazauna Landan masu aikin kula da dabbobi