Wasiƙar Godiya Ga Ƙungiyar Masu Ɗaukar Hoton Asibiti Ta Birtaniya

Zuwa ga shugabanni da ma'aikatan Society of Radiographers, musamman jami'an shiyyar da nake aiki a cikinta,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Na riga na gode muku da Turanci. Wannan kuwa da gangan na rubuta ta da Hausa, domin 'yan'uwana da suka koyi ɗaukar hoton asibiti a Kano da Sakkwato da Maiduguri, waɗanda suka zo Birtaniya aiki da masu haramar zuwa, su ji abin da kuka yi mini.

Hukumar HCPC, mai riƙe da rajistar sana'o'in lafiya 15 a ƙasar nan, har da tamu, ta buɗe bincike a kaina. An ɗauki hoton CT, wato hoton cikin jiki da na'ura ke ɗauka da haske mai ratsa jiki, na wani majinyaci da ba shi ke bukatarsa ba, ni ne kuma a kan na'ura ranar. Na tambaye shi suna da ranar haihuwa da adireshi kamar yadda tsarin aiki ya tanada a ƙarƙashin dokar kariya daga hasken na'ura ta 2017, duk suka yi daidai da takardar da ke hannuna. Ashe tun daga ɗakin jinya aka manna sunansa a takardar wani. Danginsa suka kai ƙorafi, kuma haƙƙinsu ne, domin mutumin ya sha hasken da bai kamata ya taɓa jikinsa ba.

Da na kawo muku maganar, abin da jami'arku ta fara yi shi ne ta zaunar da ni. Ta ce kada in mayar da amsa cikin zafin rai, kada in nemi dangin majinyacin, kada in roƙi abokan aiki su daidaita maganarsu da tawa. Ta kuma ja mini kunne sosai cewa kada in kuskura in buɗe fayil ɗin majinyacin a kwamfutar asibiti don neman hujja, domin leƙa bayanan mara lafiya ba da dalilin aiki ba laifi ne mai zaman kansa, kuma kwamfuta na ajiye sunan duk wanda ya shiga. Ta hanyar da ta dace aka nemi takardun, aka kuma samu.

Akwai halaye biyu da na lura suna cutar da irinmu a wannan hali. Na farko kunya. Mutum zai ɓoye wasiƙar da hukumar ta aiko masa, bai faɗa wa matarsa ba balle ƙungiya, yana fatan abin ya wuce da kansa, wani ma ya fara tunanin tattara kayansa ya koma gida. Kun bayyana mini cewa tafiya ba ta kashe magana, ana iya yin zama a yanke hukunci ba ka nan, kuma shirun da ka yi zai shiga cikin abin da za a duba. Na biyu shi ne ladabin da aka tarbiyyantar da mu a kai, na sunkuyar da kai gaban manya a ce duk laifina ne, a yi haƙuri. Wannan ladabi yana da kyau a gida. A gaban hukuma kuwa duk abin da ka amsa a rubuce ya zama hujja. Kun koya mini in faɗi abin da ya faru daidai yadda ya faru, ba ƙari ba ragi, sannan in nuna juyayina ga majinyacin da zuciya ɗaya, tunda ba wa mara lafiya haƙuri ba ya nufin amsa zargi.

Inda kuka fi taimaka mini shi ne fahimtar tambayar da ake yi. Da farko na ɗauka kotu ce mai neman wanda za ta hukunta. Kuka nuna mini cewa abin da ke gaban hukumar shi ne kare jama'a, tambayarta kuma ita ce ko a yau ma'aikacin nan ya cancanci a bar shi da marasa lafiya ba tare da wani sharaɗi ba. Da na gane haka sai amsar ta canja fasali gaba ɗaya. Muka haɗa takardun horon da na yi, da kundin ƙarin ilimin da kowannenmu ke ajiyewa don sabunta rajista duk shekara biyu, da shaidar manyan abokan aiki, waɗanda kuka dage lallai su rubuta cewa sun san zargin kafin su yi mini shaida. Sai rubutun waiwaye, wanda ya fi komai ba ni wahala. A ciki na bayyana cewa yanzu, bayan suna da adireshi, ina tambayar majinyaci abin da ke damunsa da ko ya san da zancen hoton, kamar yadda allunanku na "dakata ka duba" ke tunatarwa a ɗakunan hoto. Jami'arku ta mayar mini da rubutun ya fi sau ɗaya, duk inda na yi kwana-kwana sai ta ce in fito fili.

Kwana 28 ake ba mutum ya amsa zargi kafin kwamitin bincike ya zauna. Kwamitin nan a asirce yake zama, takardu kawai yake karantawa, ba ya ganin fuskarka, ba ya jin muryarka. Abin da ka rubuta shi ne kai a wurin. Idan ya ga akwai abin amsawa sai a tura maganar zauren sauraren ƙararraki na hukumar, wanda ake kira HCPTS, gaban mutum uku, cikinsu akwai ɗan sana'arka da wanda ba ma'aikacin lafiya ba. Can hukunci na iya kamawa daga gargaɗi na shekara 1 zuwa 5, zuwa sharuɗɗan aiki har shekara 3, ko dakatarwa har shekara guda, ko a soke suna daga rajista. Ga wanda takardar zamansa a ƙasa ke rataye da aikinsa, kowa ya san abin da dakatarwa ke nufi ga iyalinsa a nan da masu jiran saƙonsa a gida. Ba ku ɓoye mini ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, ba ku kuma yi mini alkawarin abin da ba ya hannunku ba. Na gode da wannan gaskiyar.

Alhamdu lillahi, kwamitin ya yanke cewa babu abin amsawa, aka rufe fayil.

Ga 'yan'uwa masu zuwa: ku yanki katin ƙungiya tun watan farko, kada ku ce sai an zauna da gindi, domin ƙungiyoyin ma'aikata a nan ba su cika ɗaukar matsalar da ta riga shigar mutum ba. Wasiƙar hukuma kuma in ta iso, ranar za ku kira wakilinku na asibiti.

Tun 1920 ƙungiyar nan take tsaye wa masu wannan sana'a, ni kuwa na ga amfaninta da idona. Ga jami'ar da ta riƙe maganata, da wakilinmu na asibiti wanda ya raka ni kowane zama da shugabannin sashe, da mai amsa waya da ba ta taɓa nuna gajiya da ni ba, Allah ya saka muku da alheri, ya tsare ku da iyalanku.

Naku da girmamawa,
Ɗan ƙungiyarku, mai ɗaukar hoto a arewacin Ingila