A rubuta albashin fasto, a raba aljihunsa da na ikkilisiya

Ranka ya daɗe Edita,

Ina gaishe ka da abokan aikinka, da fatan kuna lafiya. Ni akanta ne, kuma na daɗe ina riƙe da littafin kuɗi na ikkilisiya a matsayin ma'aji. Ina roƙon ka ɗan fili in taɓo wata magana da fastoci da dattawa suke jin nauyin ɗagowa, wato kuɗin fasto na kansa: abin da yake samu, harajin da ke kansa, da abin da zai ci ranar da ƙarfinsa ya ƙare. Kiristoci nake wa magana domin su na sani, amma 'yan'uwana Musulmi za su ga cewa yawancin zancen ya shafi liman da ladan da malamin makaranta.

Fastoci da yawa sun ɗauka cewa tunda gwamnati ba ta karɓar haraji a kan baiko da zakkar da ke shiga asusun ikkilisiya, to su ma an yafe musu. Ba haka ba ne. A ƙasashe da dama sassaucin na ikkilisiya ne a matsayinta na ƙungiyar da ba riba ta kafa ta ba. Da zarar kuɗi ya fita daga asusunta ya shiga hannun mutum a matsayin ladan aikinsa, ya zama kuɗin shiga irin na malamin asibiti ko direba, ko da an sa masa suna alawus ko tallafi ko kyautar ƙauna. Na sha jin fasto yana cewa shi ba ma'aikaci ba ne, kira aka yi masa. Na yarda da kiran da zuciya ɗaya. Amma Yesu da kansa ya ce a ba Kaisar abin da ke na Kaisar, kuma a Matiyu sura 17 ya sa Bitrus ya biya musu harajin haikali su biyu don kada su zama abin tuntuɓe. Bulus ma, a Romawa sura 13, ya ce a biya haraji ga wanda ya cancanci haraji. Fasto da ya yi wa'azi a kan waɗannan ayoyin ranar Lahadi bai kamata ya zama shi kaɗai ne ba shi da lambar biyan haraji ba.

Ko a ƙasashen da doka ta ware wa malaman addini sashe na musamman, ba sakin su ta yi ba. A Amurka, dokar haraji ta yarda a cire kuɗin gidan da ikkilisiya ta ba fasto daga abin da za a yanka masa harajin kuɗin shiga, amma da sharaɗin ikkilisiya ta ware kuɗin a hukumance tun kafin ta biya shi. Idan dattawa suka yi sakaci ba su zartar ba, ba a komawa baya a gyara. Sannan wajen asusun tsufa na gwamnati, ana ɗaukar fasto kamar mai aikin kansa, sai ya biya kashi 15.3 cikin ɗari na abin da yake samu shi kaɗai, alhali ma'aikacin kamfani rabi yake biya, kamfani ya cika rabin. Har kuɗin gidan nan ana lissafawa a wannan ɓangaren. Dokar ta ba fasto damar ficewa daga tsarin idan imaninsa ya hana shi karɓar irin wannan taimako, sai dai wanda ya fita da wuya ya samu ƙofar dawowa, kuma saurayin da ya sa hannu yana ɗan shekara 28 shi ne zai girbi abin yana ɗan shekara 70. A Jamus kuwa gwamnati ce ke tara wa manyan ikkilisiyoyi harajin coci, kashi 8 ko 9 cikin ɗari na harajin da mamba ke biya, limaman kuma suna karɓar albashi ana yanke musu haraji kamar kowa.

Inda aka fi samun matsala shi ne ambulan. Fasto ya ɗaura aure, ko ya yi jana'iza, ko an gayyace shi wa'azin farkawa, sai a miƙa masa ambulan a bakin ƙofa. Na wa ne? Idan ladan hidima ce, kuɗin shiga ne, a rubuta. Idan an bayar ne don ginin coci ta hannunsa, to bai kamata ya kwana a aljihunsa ba. Idan kuɗin mota ne, a ajiye rasit. Cocin Ingila ya yanke wannan gardama ta hanyar sa wa aure da jana'iza kuɗi ƙayyadadde, wanda ake raba wa asusun dayosis (yankin da ke ƙarƙashin bishop) da na cocin, limamin kuma ya dogara da albashinsa. Ban ce dole kowa ya kwaikwayi wannan ba. Amma kowace ikkilisiya tana bukatar ta zauna ta yanke nata hukuncin a rubuce, domin abin da ba a rubuta ba shi ne ke zama tsegumi a bakin mambobi.

Na ga fasto mai gaskiya wanda ya bari ana tura baikon gini cikin asusunsa na banki saboda coci ba ta buɗe nata ba. Bai ci ko kwabo ba, har daga albashinsa ya ƙara ya sayi kwanon rufi. Da aka zo binciken shekara, ba wanda ya iya rarrabe nasa da na coci, shi ma bai iya ba. Ya bar wurin da baƙin ciki, kuma har yau akwai masu yi masa kallon da bai cancanta ba. Bulus ya hango wannan tun da daɗewa: lokacin da zai kai gudummawa Urushalima, ya sa ikkilisiyoyi su zaɓi wanda zai raka kuɗin, ya kuma faɗi dalili a 2 Korintiyawa sura 8, cewa kada wani ya sami abin zargi. Asusu biyu daban, masu sa hannu biyu waɗanda fasto da matarsa ba sa ciki, wannan kariya ce ga fasto kafin ta zama kariya ga coci.

Abin da ya fi ci mini rai kuwa shi ne gida. Fasto yana zaune a gidan coci shekara talatin, ba ya biyan haya, sai a ga kamar ya more. Amma gidan na kujerar ne, ba nasa ba. Ranar da ya yi ritaya, ko aka yi masa canjin wuri, ko Allah ya yi masa rasuwa, wanda zai gaje shi yana jiran makulli. Takwarorinsa da suka yi ta fama da haya sun lallaɓa sun sayi fili sun gina ɗaki biyu, shi kuwa ya fito da littattafai da katifa. Na zauna a taron dattawa inda ake shawarar wata nawa za a ba gwauruwar fasto kafin ta kwashe kaya, ita da yara suna makaranta. Duk wanda ke wurin mutumin kirki ne, kuma kowa kansa a sunkuye, amma an makara da shekara ashirin. Zama a inuwar bishiyar da ba kai ka dasa ba yana da daɗi har ranar da mai ita ya zo.

Wasu fastoci suna ganin tanadi alamar ƙarancin bangaskiya ne. Ina girmama su, amma ban yarda ba. Wasiƙar da ta ce ma'aikaci ya cancanci ladansa, wato 1 Timoti sura 5, ita ce kuma ta tsawata wa wanda bai kula da iyalinsa ba. Lissafin ma ba mai wuya ba ne. Wanda ya ware kashi 10 cikin ɗari na albashinsa tsawon shekara 30 ya tara kwatankwacin albashin shekara uku, tun kafin a zo batun riba. Idan coci ta ɗora nata kashi goman, ya zama shida. Hauhawar farashi tana cinye kuɗin da aka ajiye a kwance, shi ya sa gara a zuba a asusun fansho mai rajista da sunan fasto, wanda zai bi shi duk inda aka kai shi, ko a fili mai takarda da sunansa da na matarsa.

Roƙona ga dattawa da ma'ajiya 'yan'uwana: kada mu jira fasto ya buɗe baki, kunya ba za ta bar shi ba. A taron kasafin kuɗi mai zuwa, mu ba shi takarda mai nuna albashinsa, da kuɗin gida, da na mota, da na magani, kowanne daban. Mu yanke harajin da doka ta ce, mu kai wa hukuma, mu ba shi shaidar biya. Idan ikkilisiya ƙarama ce ba ta da akanta, a nemi mai ilimin haraji a cikin mambobi ko a hedikwatar ɗarika ya duba takardun sau ɗaya a shekara. Ku kuma iyayenmu fastoci, ku zaunar da matanku ku nuna musu inda takardun suke, ku rubuta wasiyya, ku duba sunan wanda kuka sa a matsayin magaji a banki da asusun fansho.

Na gode, ranka ya daɗe.

Naka,
Wani ma'ajin ikkilisiya