Godiya ga makarantar koyon girki da ke unguwarmu

Assalamu alaikum Hajiya shugaba da dukkan malamai.

Shekara huɗu ke nan da hawan jinin ido ya tafi da ganina. Tun daga lokacin aka raba ni da madafi. Ba da mugunta ba, tausayi ne: da na miƙa hannu ga muciya sai in ji "Umma bar shi, za ki ƙone." Ni da nake tuƙa tuwon gidan biki, sai ga ni ina jiran a miƙo mini kwano.

Wurare biyu sun mayar da ni kafin na zo wajenku. Ku kuwa tambayar da kuka yi mini ita ce me na fi son dafawa.

Malamarmu ba ta taɓa karɓar ludayi daga hannuna ba, ko da na ɓata abu. Ta ɗiga mini busasshen gam a jikin makunnin oven, daidai digiri 180, yatsana na tarar da shi na san kek zai gasu. Robar gishiri an ɗaure ta da kyauro ɗaya, ta sukari biyu, ta bakar hoda uku. (Kafin a yi haka na taɓa kwaɓa cincin da gishiri, jikokina har yau suna yi mini tsiya.) Awon fulawa da gwangwanin madara ne, in cika in share bakinsa da bayan wuƙa. Ƙwai kuma a ƙaramin kwano daban nake fasawa, in shinshina, in laluba ɓawo, sannan ya shiga kwaɓi.

Suya ce ta fi ba ni tsoro. Malamar ta ce in jefa ɗan yankan albasa in saurara, mai zai faɗa mini da kansa in ya yi zafi. Haka ne kuwa. Yanzu da kunne nake gane waina ta isa juyi. Ta kuma bayyana mini cewa warin gas da gangan ake zuba masa don a ji in yana yoyo, saboda haka hancina ne mai gadina kafin in kunna.

Saura ƙorafi ɗaya, Hajiya: matakalar ƙofar shiga tana son abin riƙewa.

Ranar Sallah ni na toya wa surukaina waina da miyar taushe, sai da suka cinye aka gaya musu. Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara wa makaranta albarka.

Ɗalibarku,
daga Kano