Maganar Mutuminmu da Autarmu

Hanwa, Zariya

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya sanyin Ingila? Mu ma hunturu ya sauka, da safe ko Dutsen Kufena ba a hangowa saboda hazo. Hajiya tana gaishe ka, kullum sai ta tambayi yaranka.

Da waya zan kira ka, sai na ga maganar ta fi ƙarfin minti goma, shi ya sa na zauna na rubuto.

Makon jiya na je Abuja. Na bi jirgin ƙasa daga Rigasa, mutuminmu na Suleiman Hall, masaukinmu na ɗalibai a Jami'ar Ahmadu Bello, ya ɗauke ni a tashar Idu, na kwana uku a wajensa. Ka tuna lokacin da mu uku muke sa cokali a kwano ɗaya na garin kwaki a Samaru? To yanzu Allah ya buɗa masa ƙwarai. Gida mai ɗaki huɗu a Jabi, motoci biyu, mai gadi a ƙofa. Amma da na buɗe firjinsa neman ruwa, ban ga komai ba sai gorunan ruwa da robobin abincin saye. Tukwanen kicin ɗin ko ledarsu ba a cire ba. Shekararsa 41, kuma idan ya dawo daga ofis babu mai yi masa sannu da zuwa sai maigadin. Wallahi abin ya tsaya mini a rai.

A dare na biyu ya buɗe mini cikinsa. Ya ce a garin nan kafin yarinya ta riƙe sunanka ta riga ta tambayi inda kake aiki da unguwar da kake. In ka ce Maitama ko Asokoro, fuska ta saki. In ka ce Nyanya ko Mararaba, nan take za ta tuna tana da uzuri. Don haka tsohuwar motar yake ɗauka idan zai je zance, ya ɓoye matsayinsa, wai yana gwada ta. Na ce masa, wadda ka fara da ɓoye-ɓoye, ranar da ta gane gwada ta kake yi, da wane ido za ta dube ka? Kuma ban rage masa ba, na gaya masa shi ma ruwan ido ya kama shi. Yana son fara, 'yar babban gida, mai digiri amma wadda ba za ta fita aiki ba, kuma kada ta wuce 24. Ashe ma'aunin da yake kuka da shi, da irinsa yake auna 'ya'yan mutane.

Abin da na lura da shi, a can babu mai tsaya wa wani. A Instagram ake haɗuwa, a yi taɗi a gidan cin abinci ko a bakin tafkin Jabi, wata shida ana tare ba wanda ya taka zauren gidan su wani. Mu nan kuwa, in saurayi ya ce shi ɗan Ƙofar Doka ne ko Tudun Wada, kawu ɗaya za a tura da safe, kafin la'asar an san kakansa da masallacin da yake salla. Wannan binciken da muke ganin takura ne muna samari, shi ne yake kwantar wa mutum da hankali. Su sun rasa shi, sai kowa ya koma yana karanta mota da agogo da takalmi, yana zargin ɗan'uwansa.

Sai maganar autarmu, wadda ita ce ta fi hana ni barci. Ka san ta tun tana firamare. Karatun likita shekara shida ne, yajin aikin malaman jami'a na 2013 ya ƙara musu fiye da wata biyar, ga shekarar sanin makamar aiki, ga bautar ƙasa, yanzu kuma tana karatun ƙwarewa a wani asibiti a Abujan. Ta cika 32. Mu muka ce ta yi karatun, mu muka yi walima da ta gama, yau kuma a cikin danginmu ake raɗa cewa ta yi kwantai. Da Babbar Salla gwaggonmu ta ce mata a gaban jama'a, "To likita, mu sai yaushe za mu ci tuwon?" Ta yi murmushi ta tashi. Da na leƙa bayan gida na same ta a durƙushe tana sake wanke kwanukan da aka riga aka wanke, hawaye na zuba cikin ruwan kumfa.

Ba manema ta rasa ba. Wani ya ce sai ta ajiye aiki kafin a kawo lefe. Wani a mako na uku ya nemi rancen kuɗi. Wani kuma, mutumin kirki, ya janye da kansa da ya ga motarta, ya aiko cewa ta fi ƙarfinsa. Namiji ya yi kuɗi a ce ya isa aure, mace ta yi kuɗi a ce ta gagara. Ni ban yarda da wannan hukuncin ba, kuma na faɗa a taron gida.

A 2023 gwamnatin Kano ta aurar da mutane 1,800 da matansu, ta ba da gado da katifa da sadaki, don talauci ne ya tsare waɗancan. Su waɗannan namu ba abin da za a saya musu. Mafi ƙarancin sadaki a mazhabarmu rubu'in dinari ne, zinare giram ɗaya da ɗan ɗori, wanda kowannensu zai biya bai ji a jikinsa ba. Wanda zai ce "na san shi, na tsaya masa" suka rasa.

To ga abin da ke raina, kuma ban gaya wa kowa ba, ko Hajiya. Tun a jirgin dawowa nake tunanin haɗa su. Na san halinsa tun ba shi da ko sisi, ita kuma a hannuna ta tashi. Tsorona biyu ne. Kada ya raina shekarunta ko ya nemi raba ta da asibiti, don ba zan lamunta ba. Kada kuma abin ya ƙi, in rasa aboki, ita ma ta ji kamar tallanta na kai.

Kai yana jin maganarka fiye da tawa. Don Allah ka kira shi cikin makon nan, kada ka ambaci sunanta, ka dai ji ko da gaske yake kan sharuɗɗan nan ko kuwa tsoro ne yake fakewa da su. Abin da ka gano ka sanar da ni kafin ƙarshen wata, lokacin za ta zo hutu gida.

Ka gaida mini uwargida da yara.

Naka har kullum,
Amininka na Hanwa