Tiyub da bawul na keken lantarki mai taya ɗaya: a duba lamba kafin a kashe kuɗi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin matasanmu na Legas masu hawan keken lantarki mai taya ɗaya, irin su Inmotion, Kingsong, Begode da Veteran. Yana damunmu a ga keke mai tsada ya yi makonni jingine a lungun ɗaki saboda tiyub kawai, mai shi yana jiran saƙo daga China, alhali sau da yawa abin da yake nema yana shagon kayan babur na unguwa.

Tushen ruɗanin lamba ce. Kamfanin keke da girman taya daga waje yake lissafi, mai kayan babur kuwa da girman rim. Keken da ake kira inci 18, rim ɗinsa inci 14 ne, wato milimita 355. Na inci 16 rim ɗinsa 12 ne, milimita 305, na inci 14 kuma 10, milimita 254. Idan ka shiga kasuwar Trade Fair ta hanyar Badagry ka ce a ba ka "sha takwas", tiyub ɗin babban babur za a miƙo maka, wanda ya yi wa rim ɗinka yawa nesa ba kusa ba. Karanta abin da ke jikin tayar. In ka ga 18x3.0 ko 76-355, ko 2.75-14 irin na Veteran Sherman, nemi tiyub ɗin babur mai lamba 2.50/2.75-14. In 16x2.5 ne ko 16x3.0, nemi na keken lantarki mai taya biyu, lambarsu ɗaya. Na Boxer inci 17 ne, na Keke Napep 4.00-8, duk ba sa shiga. Wajen kauri, tiyub da ya ɗan gaza taya yakan buɗe ya cika ta, amma wanda ya fi ta sai ya naɗe a ciki, kuma a kan naɗin yake tsagewa.

Inda aka fi yin asara shi ne bawul. Injin keken ya cike tsakiyar wili, ga murfi hagu da dama, don haka miƙaƙƙen bawul na babur ko dai ya tokari murfi yana ƙas-ƙas duk zagaye, ko famfo ya kasa kama bakinsa. Lanƙwasasshe ake so, irin na mota mai kaurin milimita 8, kamar TR87. Lanƙwasar ma iri-iri ce: wata tana kallon gefe, wata tana bin zagayen rim. Shi ya sa muke cewa a tafi kasuwa da tsohon tiyub a hannu, a jera su, a gwada tsawo da inda baki ya fuskanta. Kada a sa filaya a lanƙwasa miƙaƙƙe. Tagulla ce, tana tsagewa ta inda ido ba ya gani.

Kafin ma a kwance komai, a ɗiga ruwan sabulu a bakin bawul. In ya yi kumfa, ƙwayar ciki ce ta saki, kowane mai faci yana da makullinta, ya ɗaure ko ya canza a minti biyu. An sha zubar da tiyub mai lafiya saboda wannan.

In ya zama dole a canza, a kashe keke, a cire wayar batir, sannan ta inji, kada a bar wili ya rataya a jikin wayarsa. A shafa yatsa a cikin taya a nemi ƙusa ko gilashi. A ɗan hura sabon tiyub har ya yi siffa, a barbaɗa masa hoda, a fara zura bawul, a jiƙa leɓen taya da ruwan sabulu, a mayar da tayar kan rim da liba biyu ko uku masu santsin baki. Sukundireba shi ke cizon tiyub tun bai taka ƙasa ba. A hura kamar psi 15 (psi shi ne ma'aunin ƙarfin iskar taya), a duba layin da ke gefen taya ya daidaita da rim ko'ina, gindin bawul yana tsaye bai karkace ba, sannan a cika.

Yawancin mahaya tsakanin psi 30 da 45 suke, gwargwadon nauyi, ba tare da wuce abin da aka rubuta a taya ba. A auna da geji kowane mako, musamman da damina da ruwa ke rufe ramuka. Ƙarancin iska ke sa rim ya datse tiyub ya bar huji biyu kusa da juna, kuma shi ke sa taya ta zame ta ja tiyub har gindin bawul ya yage. Hujin ƙusa yana karɓar faci, yagewar gindin bawul kuwa sai sabo.

Kiranmu ga 'yan uwa masu shagunan kayan babur a Agege, Idi-Araba da Mile 12: ku ajiye ko dozin ɗaya na 16x2.5, 16x3.0 da 2.75-14 masu lanƙwasasshen bawul, a inuwa, nesa da man inji da fetur, don su ke cinye roba.

Wassalam.

Naka,
Wasu masu gyaran babur da keken lantarki,
Agege, Legas.